Ranar Tseren Gudu: Inda Mai Kallo Zai Tsaya da Abin da Zai Yi

Mutumin Waca ba ya buƙatar a koya masa kallon kokowa. Tun yana goye ya san inda ake zama, ya san lokacin ihu, ya san ba a taka cikin fage in ƙarti sun kama juna. Haka mutumin Dungass, haka na Magarya, haka duk ƙasar Sosebaki har Mirriya. Sukuwar Sallah ma an san ƙa'idarta, doki in ya taso kowa ya ja da baya. Tseren gudu na kan hanya kuwa ba shi da fage na kansa. Hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwa da rijiya da gona ita ce fagen, kuma ranar tsere ba a fasa zuwa kasuwa da rijiya da gona ba. Saboda haka in an shirya irin wannan gasa a gari, ko don bikin 3 ga Agusta, ko na 18 ga Disamba, ko wasannin makarantu, rabin kyan ranar yana hannun waɗanda ke tsaye a bakin hanya. Mai kallo yana da aiki, kuma aikin ana koyonsa.

Ka fara da sanin su wa za ka kalla. A cikin taron da zai tashi akwai yaran gari da suka shiga don nishaɗi, akwai kuma ƴan kulob, waɗanda wasunsu za su zo daga Damagaram ko Magarya. Su waɗannan sun yi watanni suna fita bayan sallar asuba, da yawansu da takalmi ƙafa ɗaya tak da suke lallaɓawa. Ba matsayi kaɗai suke nema ba, lokaci suke nema. Wanda ya taɓa gama kilomita 10 a minti 36 yana so yau ya ga 35 a agogo, ko da shi ne na goma sha biyu. Daƙiƙa biyar da akuyarka ko babur ɗinka ya ci masa na iya zama duk abin da ya yi wa wahala tun farkon hunturu.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka nemi malamin wasanni na makaranta ko ka leƙa ofishin magajin gari ka tambayi abu uku: tsawon tseren, hanyar da za a bi, da ƙarfe nawa za a tashi. Ka tambaya kuma ko zuwa da dawowa ne a kan hanya ɗaya, ko zagaye ne da za a maimaita. In zuwa da dawowa ne, wuri ɗaya zai nuna maka su sau biyu. In zagaye ne, ka yi sa'a, kana zaune tseren zai riƙa zuwa yana samunka.

Sai ɗan lissafi, wanda shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Gwanin kulob yana cin kilomita ɗaya a kusan minti uku da rabi. Ke nan in tseren na kilomita 10 ne, na gaba zai iso ƙarshe cikin minti 33 zuwa 36, kuma in ka zaɓi tsayawa a kilomita ta 7, zai wuce ka kusan minti 24 bayan tashi. Wanda ya ce bari ya gama shan kunu tukuna, sai dai ya tarar ana raba kyauta. Mun saba da taron da ake cewa ƙarfe bakwai a fara ƙarfe tara, amma da zarar an busa usur babu sauran jira.

Yawancin jama'a suna cunkusuwa a wurin tashi, sannan su ruga wurin ƙarewa. Wurin tashi yana da armashi, amma minti ɗaya ne ya wuce, kuma abin da za ka gani a can zai iya ruɗinka. Yaran gari ne za su fita da gudun tsiya su bar kowa a baya, jama'a su yi ta tafi, alhali ƴan kulob suna tafe a dunƙule a bayansu kamar ba su damu ba. Ƙarfin mai gudu kamar hatsin rumbu ne, wanda ya buɗe hannu tun kaka ba zai ga damina da shi ba. Kafin kilomita ta biyu za ka ga waɗancan yaran sun riƙe ƙugu suna tafiya.

Ni shawarata, ka bar taron ka tafi inda tseren ke yin tsami. A kilomita 10, tsakanin ta 6 da ta 8 ne. A nan ƙafa ta yi nauyi, ƙarshe bai bayyana ba, kuma galibi nan ne hanya ta fita bayan gari, babu kowa sai gonaki. A nan ake raba gardama, a nan kuma murya ɗaya take da daraja. In akwai hawa a hanyar, ko wani yanki da rairayi ya cinye burji, ka tsaya daga ƙarshensa, za ka ga wanda ke da sauran ƙarfi da wanda ya ƙare. In a kwana za ka tsaya, ka tsaya ta bayan kwanar, domin masu gudu suna matsewa ta ciki don rage tafiya, kuma ƙafarsu kan taka har bakin hanya. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa. Ka zaɓi gefen da ƙurar ƙafarku za ta tafi gona, ba cikin huhun mutane ba.

Tunda ka riga su isowa, ka yi wani abu da jiranka. Ka duba taku hamsin na hanyar da ke gabanka, ka tsince ƙaya da fasasshiyar kwalba da guntun ƙarfe, ka ture ƙarangiyar da iska ta kwaso. Wasu yaran ba takalmi za su zo, wasu da silifa da aka ɗaure da roba. Kada ka yi musu dariya, kada ka bar na kusa da kai ya yi. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun yada ƙanin wani a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, kilomita 42 da mita 195 a sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16.

In sun ɓullo, kada idonka ya tsaya a ƙafafu. Ka dubi kafaɗa. Wanda kafaɗarsa take sake, hannayensa na tafiya gaba da baya daidai da haƙarƙari, kansa a tsaye, yana da sauran abin kashewa. Wanda kafaɗarsa ta haura kunne, kansa ya karkata baya, hannunsa na giciye ƙirji, ya fara biyan bashi. Ka kasa kunne ma. Takun mai ƙarfi gajere ne, da kyar za ka ji shi, na wanda ya gaji kuwa faɗuwa yake yi tim-tim. Ka lura da wanda ya laɓe a bayan na gaba, kusan yana taka dugadugansa. Ba rashin ƙarfi ba ne, iska yake bari wani ya fasa masa, kuma sau da yawa shi ne zai fice a kilomita ta ƙarshe. Na gaba in ya fara waiwaye, tsoro ya shige shi, na bayansa kuma ya gani.

Akwai wata dabara da za ta mai da kai mai amfani nan take. Ka zaɓi itace ɗaya a bakin hanya. Da na farko ya gifta shi, ka fara ƙirga daƙiƙa a agogon wayarka har na biyu ya gifta. A irin gudun ƴan kulob, daƙiƙa 10 kusan mita 50 ce. Sai ka faɗa wa na biyu da ƙarfi, a taƙaice: "Daƙiƙa goma, ya fara waiwaye!" Wannan ya fi masa tafin mutum ɗari, domin shi ba ya iya auna ratar da idonsa a wannan hali. In kana so ka san girman abin da manyan duniya ke yi, ka riƙe wannan a ranka: Kelvin Kiptum na Kenya ya gama kilomita 42 ɗin nan a Chicago a 2023 cikin sa'a 2 da daƙiƙa 35, wato kowace kilomita a ƙasa da minti uku, tun daga fari har ƙarshe.

Maganar da za ka jefa wa mai gudu ita ma sai an zaɓa. Abin da na fi roƙo a bari shi ne "saura kaɗan" in ba kaɗan ɗin ya saura ba. Mutum ya ji haka zai saki ɗan abin da ya ɓoye, ya sha kwana ya tarar da kilomita uku a gabansa, zuciyarsa ta karye. In ka san nisan, faɗi gaskiyarsa: "Saura biyu." In ba ka sani ba, kira lambar da ke ƙirjinsa ko sunan garinsa. "Mai lamba ashirin, kana da kyau, riƙe haka!" "Ɗan Bande, sannu da ƙoƙari!" Za ka ga kansa ya ɗago. In akwai mai kalangu a unguwarku, ku ja shi zuwa wancan wuri na bayan gari, mata su zo da guɗa. Kiɗa yana gyara taku.

Ƴan mata kuwa, a nan ne nake so iyaye da yayye su tsaya da ƙafarsu. Yarinyar da ta sa lamba ta fito hanya ta riga ta sha magana a gida da unguwa kafin ta zo. Habaici ɗaya daga bakin hanya ya isa ya hana ta dawowa baɗi, ya hana ƙannenta ma. In ka ji samari sun fara, ba sai an yi faɗa ba, ka ce musu, "Ƙanwarku ce fa, ku yi mata sannu." Agnes Ngetich ta Kenya ta yi kilomita 10 a minti 28 da daƙiƙa 46 a birnin Valencia na Sifen a watan Janairun 2024. Ba na tsammanin akwai namiji a cikin masu habaicin da zai bi ta kilomita ɗaya.

Yanzu ga babbar magana, wato hanya. Daga lokacin da aka tashi har na ƙarshe ya wuce, hanyar ta masu gudu ce. Abin da ya fi ɓata tseren ƙauye shi ne babura. Na taɓa tsayawa a bakin wata hanyar burji na ga na gaba ya ɓullo cikin ƴan kabu-kabu, gaba da baya da gefe, kowa na danna oda yana ganin taya shi yake yi. Fuskarsa ta yi fari fat da ƙura, yana tari yana kaɗa hannu a ba shi wuri, na biyu kuma ba ya ko hango shi. Babur ɗaya na masu shiri a gaba, da tazara, ya isa. In kana da babur, ka kafe shi nesa da hanya, ka ce wa abokanka su yi haka. Yara kuma a riƙe hannunsu. Yaro yana ganin gudu ƙafarsa ke ƙaiƙayi, zai faɗa ciki ya bi su, kuma mai gudun da ya gaji ba ya iya kaucewa da sauri. Tuntuɓe ɗaya, mutum biyu a ƙasa.

Mai amalanke da mai koro dabbobi ba su yi laifi ba, hanyarsu ce ta kullum. Ka tare su tun daga nesa da ladabi: "Baba, sannu da aiki. Don Allah a ɗan dakata, yara ne ke tsere, yanzu za su wuce." Ka riƙe masa igiyar sa in ta kama. Da wuya dattijo ya ƙi wannan. Wanda dole sai ya ƙetare, ka nuna masa ya jira rata, ya wuce kai tsaye ta bayan mai gudu, kada ta gabansa.

Kada kuma ka taɓa mai gudu, ko da murna ce ta kama ka. A wasannin Olamfik na Atina a 2004, Vanderlei de Lima na Brazil yana kan gaba, saura kusan kilomita bakwai, wani mutum ya fito daga gefe ya rungume shi ya tura shi cikin jama'a. Ya ƙwace ya ci gaba, amma mutum biyu suka wuce shi, ya ƙare da tagulla. Taimako ma yana iya zama cuta. A Landan a 1908, Dorando Pietri na Italiya ya shigo fili shi ne na farko, yana faɗuwa yana tashi, jami'ai suka tallafe shi har ya ƙetare layi, aka soke nasararsa saboda wannan tallafin. Har yau haka doka take: wanda aka tura ko aka ja ko aka riƙe don ya ci gaba, ana iya fitar da shi.

Ruwa ma yana da ƙa'ida. A gasar da ake bin dokokin hukumar wasannin guje-guje ta duniya, masu shiri ne ke ajiye wuraren shan ruwa, kusan kowace kilomita 5, kuma wanda ya karɓi ruwa a wani wuri daban zai iya jawo wa kansa hukunci. To, ka tambaya tukuna. In kana son bayar da ruwa, ka kai shi teburin da aka keɓe, ka ce a sa ka cikin masu miƙawa. Ga yadda ake yi: ka yanke bakin ledar piya wata da almakashi tun kafin su iso, kada ka sa haƙori. Ka tsaya cak a gefe, ka miƙa hannu, ledar a kan tafinka a buɗe, daidai ƙirjinsa. Shi zai fizga. Kada ka bi shi da gudu, kada ka damƙe ledar. In ta faɗi, bar ta, na gaba da kai zai ba shi. Kada ka watsa wa kowa ruwa sai ya nuna kansa da hannu, kuma ko ya nuna, a kai da ƙeya ake zubawa, domin jiƙaƙƙen takalmi bororo yake haifarwa. Fura da rake da lemon kwalba a ajiye su sai an gama. Raken Korama ba zai gudu ba.

Abin da nake so kowane mai kallo ya riƙe fiye da komai shi ne bugun zafi. A ƙasar Damagaram zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, kuma ko a watannin da ba su kai haka ba, rana in ta ɗaga ba ta da sauƙi. Ba ƙananan masu gudu kaɗai yake kayarwa ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara gudun yada ƙanin wani na mata don gudun zafi, duk da haka cikin 68 da suka tashi, 40 ne suka gama. In kana da bakin magana wurin masu shiri, ka matsa a tashi da sassafe, gari na wayewa.

Alamunsa ba su ɓuya. Mutum zai fara tangaɗi, yana barin tsakiyar hanya yana komawa, idonsa ba ya tsayawa a kanka, ka yi masa magana ya ba ka amsar da ba ta da kai, wani ma ya hau faɗa ba dalili. Kada ka jira gumi ya ƙafe, mai gudu yana iya kasancewa sharkaf da gumi alhali jikinsa ya wuce digiri 40. Irin wannan ba a ce masa "daure". A nan dokar kada a taɓa ta ƙare, domin rai ya fi lamba. Ka tare shi, ku kai shi inuwa, ku kwantar da shi, ku cire masa riga da takalmi. Sai ruwa, duk wanda ke kusa, mafi sanyi, na randa ko na rijiya, a yi ta kwarara masa daga wuya har ƙafa ba tsayawa, wasu na yi masa fifita da faifai ko kwali. In akwai ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi. Mutum ɗaya ya ruga ya kira ƴan agaji ko malamin asibiti, sauran su ja baya iska ta shiga. A fara sanyaya shi nan take, a ci gaba da yi har a kan hanyar zuwa likita, domin mintocin farko su ne ke raba rai da mutuwa. Wasu za su ce iska ce ta buge shi, su nemi a yi tofi. Mai addu'a ya yi addu'arsa, amma hannu kada ya bar zuba ruwa. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa komai a baki, zai shaƙe. A juya shi ya kwanta ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. In ya dawo hayyacinsa sarai yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko ya ce ya warke, ya gama gudu na ranar, kuma sai likita ya duba shi.

In ka zaɓi wurin ƙarewa, ka bar fili a bayan layi, aƙalla taku ashirin. Mai gudu ba ya tsayawa cak, kuma bai kamata ya zube nan take ba, gara a kama hannunsa ya ɗan taka har numfashi ya daidaita. Masu rubuta lamba da lokaci suna buƙatar ganin ƙirjin kowa, in jama'a suka rufe layi sai a rasa wa ya riga wa, rigima ta tashi a kan abin da ido zai iya rabawa. Mai son yi wa gwani kari, ya riƙe dalarsa ko jikarsa har an rubuta sunansa. A bar ɗaga shi sama sai ya sha ruwa.

Lambobin Olamfik biyu na farko da Nijar ta samu, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taikwando a 2016, babu na gudu a ciki. In za a samu lambar gudu, daga irin wannan hanya mai cin ta zai fito. Saboda haka in ka ga yaro ko yarinya da takunsu ya burge ka, ko da ba su ci komai ba, ka kama hannunsu ka kai su wurin kocin kulob ɗin da ya zo, ka ce ya dube su, ka karɓi bayanin yadda ake shiga ka kai wa iyayensu.

Kada kuma ka tafi don na farko ya iso. Bayansa da minti ashirin ko talatin akwai masu zuwa, wani malamin makaranta ne, wani magidanci ne da ya yi wa kansa alkawarin sai ya gama. A lokacin ne jama'a ke watsewa, babura su koma kan hanya, kuma a lokacin ne aka fi samun haɗari, domin su ne suka fi daɗewa cikin rana. Ka tsaya a wurinka har motar ko babur ɗin da ke bin na ƙarshe ya wuce. Sannan ku tattara ledojin ruwan da aka zubar kafin a sako awaki da tumaki, don in suka haɗiye su a tumbinsu suke zama.